Mastas a kan laifi da shari'a, amma ba mu taɓa zama a kotu ba

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. Amma duk wanda yake karatun digiri na biyu a fannin nazarin laifuffuka da tsarin shari'a, ko yake shirin sayen fom bana, don Allah ya daure ya kai ƙarshe. Musamman mu 'yan Gashua da Nguru da Jakusko da Machina da muke kwasar hanya zuwa Kano, Zariya da Maiduguri neman wannan takarda.

Maganata ɗaya ce. A yadda aka tsara sharuɗɗan kammala karatun nan, mutum zai iya shiga ya fito da mastas a hannu alhali ƙafarsa ba ta taɓa taka ɗakin kotu ba, bai taɓa leƙa bayan kanta a caji ofis ba, bai taɓa gaisawa da mutum ɗaya mai zaman jiran shari'a ba. Kuma babu wanda zai ce masa ya rage wani abu. Wanda makarantarsu ta wajabta fita fili, ya gode wa Allah, ba da shi nake ba. Da sauranmu nake, kuma mu ne masu yawa.

Mu duba abin da ake nema a wurinmu. Kafin ka shiga: kiredit biyar har da Turanci da lissafi, digirin farko aƙalla 2:2, takardar bautar ƙasa, takardar sakamako daga tsohuwar makarantarka wadda sai ka yi zarya kafin ta fito, da wasiƙun malamai masu shaidar ka. Bayan ka shiga: simista biyu na kwasa-kwasai, ra'ayoyin masana kan abin da ke jawo laifi, dabarun bincike, ƙididdiga, sanin hukunci da gidajen yari. Sai gabatar da shirin bincike, sai difens na cikin gida, sai na malamin waje. A tsakani a zura aikinka a Turnitin a ga kashi nawa ka kwafo. Wasu makarantun su ƙara da cewa sai ka buga muƙala a mujallar ilimi. Daga nan sai ɗinkin kundi mai baƙin bango da rubutun ruwan zinare, sai yawon neman sa hannu daga ofis zuwa ofis.

Ku sake karanta jerin nan. A ina aka ce ka je ka ga shari'a da idonka?

Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ke nan Gashua ba zai karɓi NCE ba sai ya tsaya gaban allo ya yi koyarwar gwaji, malami ya zo ya zauna a bayan aji yana ba shi maki. Ɗalibin likitanci sai ya kwana a asibiti. Ɗalibin makarantar horar da lauyoyi sai an tura shi kotu da ofishin lauya ya yi makonni. Ɗalibin kimiyya da fasaha yana da SIWES. Mu kaɗai ne za a kira mu masana laifi da hukunci bayan mun yi shekara biyu ko uku tsakanin aji da shagon fotokwafi.

Yanzu ku zo mu faɗa wa juna gaskiya a kan yadda ake haɗa kundin. Babi na biyu, a jero Merton da ra'ayinsa na 1938 cewa matsin buri da rashin halastacciyar hanya kan tura mutum ga laifi. A jero Shaw da McKay, a jero Becker, a rufe da Cohen da Felson na 1979. Babi na uku, a ɗauko adadin mutanen ƙaramar hukuma daga ƙidayar 2006, don ita ce ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan, a zuba shi cikin lissafin Taro Yamane. Kowa ya san amsar tun kafin a danna kalkuleta: 399 ko 400. Ko Bade ce, ko Nguru, ko Kano gaba ɗaya, amsar ba ta canjawa, saboda haka lissafin yake idan mutane suka yi yawa. Sai a buga takardar tambayoyi da Turanci, mai gurabe biyar daga "na yarda sosai" zuwa "ban yarda ba sam". Babi na huɗu, a miƙa wa yaron da ya iya SPSS. Babi na biyar, a ba gwamnati shawara ta samar wa matasa aikin yi, iyaye su kula da tarbiyya, malamai su ƙara wa'azi. An gama. Canja sunan gari a bangon, wani ma zai iya kare shi a wata jami'ar badi.

Kuma kar mu yi wa juna kara: nawa ne daga takardun 400 ɗin nan ake cikawa a ɗaki ɗaya, da biro kala uku, a dare ɗaya? Duk wanda ya zauna a hostel ɗin manyan ɗalibai ya san amsar. Turnitin yana kama jimlar da aka sato daga intanet, amma ba ya kama alƙaluman da aka ƙirƙira a kan katifa. Wato sharaɗin da aka fi tsananta mana yana gadin ƙofa ne alhali ɓarawo ta taga yake shigowa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, su waɗannan Turawan da muke haddace sunayensu ba haka suka yi ba. Shaw da McKay fayilolin kotun yara ta birnin Chicago suka bi, suka riƙa sa alamar gidan kowane yaro a kan taswira har suka gano unguwannin da matsalar ta taru, kafin su fitar da littafinsu a 1942. Howard Becker makaɗin fiyano ne a gidajen rawa, a cikin mutanen da ya rubuta a kansu ya zauna kafin littafinsa na 1963. Gresham Sykes ya daɗe yana shiga gidan yarin Trenton a jihar New Jersey ta Amurka kafin ya rubuta nasa a 1958. Tun a 1777 John Howard ya fitar da rahoton halin gidajen yarin Ingila bayan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙafarsa. Mun karɓi abin da suka gano, mun yar da hanyar da suka bi suka gano shi. Chicago ta shekarun 1930 suka bayyana. Gashua ta yau wa zai bayyana ta, in mu 'ya'yanta mun tsaya kwafar Chicago?

Ga shi kuwa abin bincike a ƙofar gidanmu yake kwance. Gidan yarin Gashua yana cikin tarihin Najeriya: a 1989 gwamnatin soja ta Babangida ta kawo lauya Gani Fawehinmi nan ta tsare shi, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Borno, saboda nisan wurin da zafinsa. Mutanen Legas sun san sunan garinmu ta dalilin wannan gida. Mu da muke wuce shi kullum, mu nawa ne za mu iya faɗin su wa ke ciki yau, kan wane laifi, kuma tun yaushe?

A faɗin ƙasar nan, kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Duk ɗalibin fanninmu ya haddace wannan jimla, tana cikin gabatarwar kusan kowane kundi. Amma tambaye shi yadda abin ke faruwa, sai ya fara in'ina. Alhali hanyar sananniya ce. 'Yan sanda su kama mutum da zargin babban laifi kamar fashi da makami ko kisan kai, su kai shi gaban majistare da takardar FIR. Majistare ba shi da hurumin yin wannan shari'ar, sai ya tura shi gidan yari a jira shawarar lauyoyin Ma'aikatar Shari'a. Fayil ya tashi daga caji ofis zuwa hedikwata, daga can zuwa ma'aikata. A canja wa ɗan sandan da ya yi binciken wurin aiki. Shaidu su gaji da kuɗin mota. Mutum ya yi shekaru a ciki ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba. A wane mataki fayil ya fi maƙalewa a shiyyarmu? Kwana nawa yake ɗauka tsakanin Gashua da Damaturu? Wannan tambaya ce da ɗalibin mastas ɗaya mai littafin rubutu da haƙurin wata uku zai iya amsawa, kuma amsarta za ta iya fitar da wani daga ɗaki.

Dokoki ma sun canja a gabanmu, karatunmu bai bi su ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya, ACJA ta 2015, wadda jihohi suka yi ta yin irin tasu, ta hana kama wani a madadin wanda ake nema. Ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Ta ce mace za ta iya tsaya wa mutum a beli. Ta ce majistare ya riƙa zagaya wuraren tsare mutane na 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata. Ta taƙaita yawan ɗage shari'a. A 2017 aka yi dokar hana azabtarwa. A 2019 aka canja sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, aka shigo da hukuncin da ba na ɗauri ba kamar yi wa al'umma hidima. A 2020 aka yi sabuwar dokar 'yan sanda. A 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi suka samu damar kafa nasu gidajen gyaran hali. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tambaya ce a buɗe: ana aiki da ita a Bade da Nguru ko tana nan a takarda? Ranar da Jihar Yobe ta tashi yanke shawara kan gina nata gidan gyaran hali, wane kundi daga cikin namu za ta ɗauko ta dogara da shi?

Akwai kuma abin da littattafan waje ba za su taɓa koya mana ba. A Arewa muna aiki da kundin Penal Code da ya fara aiki a 1960, wanda aka ɗauko samfurinsa daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860. Tun daga 2000 jihohi goma sha biyu, har da Yobe, suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci. Ga kotun majistare, ga kotun shari'a, ga babbar kotu. A ƙarƙashinsu kuma akwai inda mafi yawan rigingimu ke ƙarewa tun ba su kai takarda ba: zauren mai unguwa, gaban bulama da lawani, fadar hakimi, wurin limami, hannun 'yan sintiri. Idan shanu suka shiga gonar shinkafa a fadama, ko aka yi rigima kan burtali, ko masunta suka saɓa kan wurin kamun kifi a dausayin Haɗeja da Nguru, ina mutane ke fara zuwa, kuma me ya sa suke gudun caji ofis? Wanda ya karanci tsarin shari'ar laifi bai san wannan ba, rabin tsarin ya karanta.

Sai maganar harshe. A yankinmu akwai mai jin Badanci, akwai mai jin Manganci, akwai Bafulatanin da Hausarsa ta cin kasuwa ce kawai. Tsarin mulki, a sashe na 36, ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta in bai jin harshen kotu. Wa ke yin tafintar a zahiri? Me ke salwanta tsakanin bakin wanda ake tuhuma da alƙalamin alƙali? Ɗan Gashua da ya tashi da harshe biyu ko uku yana riƙe da makamin binciken da farfesan Landan zai biya kuɗi ya samu. Amma a tsarinmu wannan bai da maki ko ɗaya. Abin da ke da maki shi ne ka miƙa wa manomin Dagona takardar Turanci ka ce ya zaɓi "na yarda sosai".

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini.

Za a ce tsaro. Gaskiya ne, mu 'yan Yobe ba sai an ba mu labari ba. Buni Yadi a 2014, Potiskum a wannan shekarar, Dapchi a 2018, duk muna sane. Babu mai hankalin da zai ce ɗalibi ya shiga daji neman bayanai. Amma kotun majistare a tsakiyar gari take, ƙofarta a buɗe, zaman kotu na jama'a ne, kowa yana iya shiga ya zauna a benci. Tsaro bai hana mu cika kasuwa da gidan kallon ƙwallo ba.

Za a ce hukumomi ba sa ba da dama. Wani lokacin haka ne. Ɗalibi shi kaɗai da 'yar wasiƙar gabatarwa daga sashe, ana iya juya shi a bakin get. To ai shi ya sa muke cewa a mai da shi sharaɗi. Idan jami'a ce ta rubuta wa babban jojin jiha, da kwamishinan 'yan sanda, da kwanturolan gidajen gyaran hali, aka yi yarjejeniya a rubuce, magana ta canja. Balle ma rabin ajinmu ma'aikatan waɗannan hukumomin ne: 'yan sanda, gandirobobi, sibil difens, jami'an NDLEA, ma'aikatan kotu. Mabuɗin yana cikin ajin.

Za a ce ra'ayoyin masana su ne ƙashin bayan ilimi, mastas ba koyon sana'a ba ne. Na yarda, kuma ban ce a cire su ba. Marigayi Farfesa Femi Odekunle, wanda ya koyar a ABU Zariya kuma ake ɗaukarsa farfesan farko na wannan fanni a Najeriya, da Farfesa Etannibi Alemika na Jos, da Janar Abdulrahman Dambazau da ya yi digirinsa na uku a Keele ya rubuta littafin da da yawanmu muka fara da shi, duk sun san ra'ayoyin nan ciki da waje. Amfanin ra'ayi shi ne a gwada shi a kan abin da ke ƙasa, a ga inda ya yi daidai da inda ya karye. Ra'ayin da aka ajiye a babi na biyu ba a sake waiwayarsa ba har ƙarshen kundi, ado ne kawai.

Za a ce malamai sun yi kaɗan, aiki ya yi musu yawa, albashi ba ya isa. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba na cikin masu zagin malamai. Malami ɗaya da ɗalibai ashirin ko talatin a wuyansa, ga na digirin farko, ga yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas. Amma wannan hujja ce ta rage yawan waɗanda ake ɗauka. Jami'ar da ba za ta iya karanta kundi ɗari ba, kar ta sayar da gurbi ɗari.

Sai ta ƙarshe, wadda ta fi kowacce ciwo don daga bakinmu take fitowa: "Malam, ni ƙarin girma nake nema a wurin aiki, a ba ni takardata kawai." Ɗan uwa, neman ƙarin girma halal ne. Amma ka tuna kujerar da takardar za ta hau da kai. Gobe kai ne DPO, kai ne mai riƙe da gidan gyaran hali, kai ne za a kira a rediyo a ce masanin tsaro. Injiniyan da ya sayi takarda gada ce za ta rushe kowa ya gani. Namu kuskuren ba ya ƙara. Wani ne zai ƙara shekara a ɗaki, matarsa tana sayar da akuya tana biyan kuɗin mota zuwa kotun da za a sake ɗagewa.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, ta bakin wakilan aji da ƙungiyoyin manyan ɗalibai, cikin ladabi kuma a rubuce.

Na ɗaya, a sa zaman kotu da ziyarar wuraren tsare mutane cikin kwasa-kwasan dole, da littafin shaida da rajistaran kotu zai sa wa hannu, kamar yadda ake yi wa masu koyarwar gwaji.

Na biyu, ranar difens a nemi ganin asalin bayanan: takardun da aka cika, muryoyin da aka naɗa da izinin masu su, littafin fili. A ɓoye sunayen mutane, amma a ga shaida. Hira ashirin ta gaskiya ta fi takarda 400 ta ƙarya, kuma a daina kallon mai binciken hira kamar wanda ya gudu daga lissafi.

Na uku, kwas guda cikakke kan Penal Code, da dokokin laifi na shari'ar Musulunci, da dokar gudanar da shari'ar laifi ta jiha, lauya ko alƙali mai aiki ya koyar da wani ɓangare. Da yawanmu daga nazarin zamantakewa ko kimiyyar siyasa muka fito, ba mu taɓa buɗe kundin doka ba.

Na huɗu, inda ake tilasta buga muƙala, a sake tunani. Abin da sharaɗin ya haifar shi ne kasuwar mujallun da ke karɓar kuɗi su buga maka cikin mako guda ba tare da kowa ya karanta ba. A maimakonsa a ce kowane ɗalibi ya rubuta taƙaitaccen bayani na shafi biyu, da Turanci da Hausa, a kai wa hukumar da abin ya shafa da mutanen da aka yi binciken a cikinsu.

Na biyar, a sa wa'adi ga ɓangarorin biyu. Yadda ake cin ɗalibi kuɗin sabuwar rajista in ya wuce lokaci, haka ya kamata a ƙayyade makonnin da babi zai yi a teburin mai duba shi. Ɗan Gashua da ke kashe kuɗin mota ta Nguru da Haɗeja zuwa Kano don a ce masa ya dawo mako mai zuwa ya san me nake nufi.

Kafin a amince da ko ɗaya daga ciki, akwai wanda ba ya buƙatar izinin majalisar jami'a. In ka dawo gida hutu, ka sa kaya masu kyau ka je kotun garinku da safe, ka gaida ma'aikata, ka zauna a benci na baya, ka kashe waya. Ka rubuta ƙara nawa aka kira, nawa aka ɗage, kan wane dalili, mutum nawa ne ke da lauya, da wane harshe aka yi magana. Ka yi haka sau goma. In mu ashirin muka yi a Gashua, Nguru, Geidam, Potiskum da Damaturu muka haɗa abin da muka gani, za mu riƙe abin da babu shi a kowane laburare. Gani ya kori ji.

Masu shirin sayen fom kuma, kafin ku biya ku tambayi sashen: akwai fita fili? Ɗalibai nawa ne a hannun kowane malami? Waɗanda suka shiga shekara uku da suka wuce, nawa suka fita? Kuɗinku ne da shekarunku, kuna da haƙƙin tambaya.

Wanda yake ganin na yi tsauri, bismillah, ya kawo hujjarsa mu tattauna, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda kuma yake son mu fara zaman kotun nan tare a hutun da ke tafe, ya yi magana mu san juna.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya saka wa malamanmu da alheri, ya kawo mafita ga duk wanda ke tsare ba da haƙƙinsa ba. Amin.